Wace leda za ki ƙulla yajinki a ciki?

Masu ƙulla yaji da ƙuli-ƙuli a Aboabo da Asawase na Kumasi, in kin shiga kasuwar Kejetia sayen leda, kusan kala uku za a baje miki.

Mai ƙyalƙyalin azurfa ita ke jan ido, kuma ba laifi, tana tsare ƙamshi. Sai dai abu uku ne aka manne da gam: robar PET (irin ta gorar ruwa) a waje, alminiyom a tsakiya, PE (robar leda mai laushi) a ciki. PE na narkewa wajen digiri 110, PET sai ya kai 250, alminiyom kuwa 660. Wane inji ne zai narka su tare? Shi ya sa masu tsintar leda ke tsallake ta, ƙarshenta kwata ko rafin Subin.

Ta takarda ruwan ƙasa kuwa, yaga ta ki gani, leda ce shimfiɗe a ciki, ita ma haɗi ce.

Ni dai PE zalla nake saye, dangin ledar fiya wata da ake tarawa a sayar a kilo. Ki duba lamba 4 a cikin alamar kibiyoyi uku. Injin liƙe baki na hannu yana kama ta da ɗan zafi, kuma mai saye na ganin jan yajin. Tana da rauninta: iska na ratsa ta a hankali, ƙuli-ƙuli mai mai zai iya yin warin tsufa in ya kwana biyu a shago. Ki riƙa ƙulla kaɗan-kaɗan, ko ki tambayi mai siririn shafin EVOH, wata roba mai tare iska. In bai wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta ba, ana iya sake narka ta.

Amma fa ki buɗe ido. Kibiyoyin nan kowa na iya bugawa, kuma lamba 7 na nufin gauraye ko wani abu dabam. Ja gefen ledar da yatsu biyu: PE na miƙewa, mai haɗi tana ƙaras-ƙaras ta ƙi. Wani ɗan kasuwa ya taɓa rantse mini cewa tasa tana ruɓewa da kanta. A cikin shago ta fara dagargajewa, garin kunu ya zube mini a kwali. Irin wannan ake kira oxo, gutsuttsura kawai take zama, Tarayyar Turai ta hana ta tun 2021. Ki ƙirga bandir a gaban mai sayarwa, ki zaro ta tsakiya ki taɓa kaurinta, don ta sama ce ake sa mai kyau.