Hattara da mai sayar da taragun wasa da ba sa cin kwana

Jama'a masu sha'awar jirgin ƙasa na wasa, musamman mazauna Ingila, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar tsofaffin taragun fasinja masu girman OO (ma'aunin jirgin wasa da aka fi amfani da shi a Ingila) a Facebook, yana cewa ya gyara su tsaf, wai babu kwanar da za ta gagare su. Ni dai ya cuce ni, kuma ba na so wani ya faɗa hannunsa.

Taragu uku na saya wa ɗana. A miƙaƙƙen dogo tafiya suke sumul. Da sun shiga kwana sai tarago ya cije, injin yana ja yana kuka, ƙafar gaba ta hau kan dogo, ya kife. Yaron ya yi ta mayar da su har ya gaji, ya koma gefe ya yi tagumi. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Da na kifa su na duba ƙasansu, sai ga abin a fili. Mazaunin ƙafafun, wanda ya kamata ya riƙa juyawa hagu da dama a kan ƙusarsa, ya karye a biyu daga cikinsu, an liƙe shi da sufa gulu, har busasshen gam ɗin yana ƙyalli. Abin da ba ya juyawa ta yaya zai bi kwana? A nan na tuna duk hotunan da ya turo mini a miƙaƙƙen dogo ya ɗauke su. Na ukun lafiyarsa ƙalau, amma tsawonsa kusan santimita 30 ne, dogonmu kuwa na kamfanin Hornby ne, mai kwanar farko, wato mafi matsi, milimita 371 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo. Dogayen taragu irin wannan sun fi son kwana ta biyu, mai milimita 438, ko sama da haka. Mai gyaran taragu ba zai ce bai san wannan ba.

Na yi masa magana, ya ce rashin mai ne, in turo kuɗi ya aiko mini da wani mai na musamman. Mai ba ya gyara karaya, in ya taɓa dogo ma ƙura yake tarawa ya hana wutar lantarkin da ke tafiyar da injin wucewa. Da na ƙi, ya toshe ni. Ya riga ya sa na biya ta PayPal a matsayin aike ga 'yan uwa da abokai, hanyar da ba ta kare mai saye, don haka kuɗin sun tafi.

Kafin ka biya kowa, ka ce ya turo bidiyon taragon yana cin kwana, ya faɗi girman kwanar, sannan ya kifa shi ya juya mazaunin ƙafafun da yatsa kana gani. Idan naka ne yake cijewa a gida, fara sassauta sukurun mazaunin kaɗan, ka duba ko ƙugiya ko matakalar tarago na tokare shi, ka auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafar hagu da bayan ta dama: a OO wajen milimita 14.5 ce.