Bitar kwana uku da na je a Kaduna kan rikicin ƙiyayya da gyaran masu laifi

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata wai yaya bitar nan take, ko kuɗin da aka biya sun yi rana, to bari in faɗi abin da na gani da idona. Wata cibiya ce a nan Kaduna mai aikin sulhu, ba zan kama suna ba don akwai inda zan yi ƙorafi, suna shirya bita ta kwana uku ga shugabannin matasa da malaman makaranta da wasu ma'aikatan gidan gyaran hali, kan abin da ke sa mutum ya afka wa wani don kawai addininsa ko ƙabilarsa, da yadda ake dawo da wanda ya aikata hakan cikin jama'a. Naira 15,000 na biya, har da abincin rana da takardu. Ni abin da ya kai ni, akwai yaron unguwarmu da ya fito daga gidan yari bara, an ɗaure shi ne kan wani rikici da aka ƙona shaguna, tun da ya dawo ko benci ɗaya ba mai son zama da shi, babansa ya same ni har gida ya ce "ɗana, ku ne manyansu, ku san yadda za ku yi da yaron nan", ni kuma wallahi ban san ta ina zan kama ba.

Ranar farko ita kaɗai ma ta biya kuɗin. Malamin da ya yi mana lacca yana koyar da ilimin zamantakewa ne a jami'a, kafin ya ce komai sai ya manna taswirar Kaduna a bango ya ba kowa biro ya ce a zo a ɗiga inda ake kwana. Mu wajen talatin ne, da aka gama sai ga ɗigon Musulmi duk sun taru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, na Kiristoci kuma sun tsallaka kogi suna Sabon Tasha da Television da Narayi, mutum biyu ko uku ne kawai suka fita daban. Kowa ya san haka garin yake amma ganinsa a takarda wani abu ne, ɗakin ya yi tsit. Ya ce rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta Miss World a Nuwamban 2002 su suka ƙarasa raba garin haka, kuma yaron da aka haifa bayan nan yanzu ya haura shekara ashirin, ƙila bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da ya sani game da mutanen tsallake labari ne aka ba shi.

Daga nan ya kawo aikin wasu masu bincike na Amurka, Levin da McDevitt, da suka bi fayilolin 'yan sandan Boston suka kasa masu irin wannan laifi gida huɗu. Akwai masu yi don nishaɗi da burge abokai, akwai masu ganin unguwarsu suke karewa daga baƙi, akwai masu ramuwar gayya, sai kuma wanda ya ɗauki abin a matsayin aikin rayuwarsa, shi ne mafi haɗari amma shi ne mafi ƙaranci. Abin da ya girgiza ni, kusan kashi biyu cikin uku 'yan rukunin farko ne, samari cikin gungu, ba wata aƙida mai zurfi a kansu. Nan take yaron unguwarmu ya faɗo mini a rai, don na san shi tun yana wasan langa, ko Fatiha da ƙyar yake kai ta, ta yaya za a ce kishin addini ne ya kai shi? Abokai ne suka fita ya bi su. Ramuwar gayya kuwa ba sai an yi mana bayani ba, mun san yadda "an kashe 'yan'uwanmu a can" ke tashin gari, da can a bakin tasha ake jin ta, yanzu WhatsApp ke kawo ta da bidiyon da ba wanda ya san ko na wace shekara ne.

Na yi masa gardama, na ce Malam ni a ganina duk talauci ne da zaman kashe wando. Bai ƙaryata ni ba, ya ce talauci yana samar da hannayen da za a yi haya, amma ba shi ke nuna wa yaro ƙofar da zai ƙona ba. Ya ba da misalin wani bincike da aka wallafa a 1998 kan birnin Niyok, inda aka ga hare-haren sun fi yawa a unguwannin da masu launin fata ɗaya suka daɗe da mamayewa sannan wasu suka fara shigowa, ba lallai inda aka fi rashin aikin yi ba. Sai wani ɗan Jos da ke bayana ya ce ai wannan ita ce maganar ɗan ƙasa da baƙo da ta cinye su tun Satumban 2001. Malamin ya kuma zana mana tsanin ƙiyayya na masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport na 1954, mataki biyar, daga baƙar magana, zuwa ƙauracewa, zuwa wariya, zuwa duka, zuwa kisan kare dangi, ya ce kowa ya faɗi sunan da ake kiran 'yan ɗaya ɓangaren a majalisarsu in ba sa nan. Na ji kunya sosai, don kalmar arne ba ta da wuyar fita a bakinmu, su ma da suka faɗi nasu kansu a sunkuye yake.

Rana ta biyu aka shiga maganar gyara. An yi bayanin cewa haɗa mutane a ɗaki a ɗauki hoto ba ya cire ƙiyayya, sai in sun haɗu a matsayi ɗaya, suna aiki ɗaya da kowa ke buƙatar ɗan'uwansa, kuma manya sun goyi bayan abin. An kawo labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka yaƙi juna lokacin rikicin Zangon Kataf na 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa biyu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. An taɓo shirin Exit na Jamus da ya fara a 2000, mai taimaka wa masu son fita daga ƙungiyoyin masu ra'ayin Nazi na wariyar jinsi, har da sauya musu gari in ta kama, don wanda ya bar ƙungiya abokai ya rasa gaba ɗaya kuma tsoffin abokan na iya farautarsa. Amma abin da ba zan manta ba wani mutum ne da suka gayyato wanda ya yi zaman gidan yari bayan rikicin zaɓen 2011. Yana riƙe da ledar fiya wata bai sha ba har ya gama, yana ta matsa ta, ya ce a ciki ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya sa ya yi, kuma ranar da ya fito majalisar da ta kai shi ce kaɗai ta yi masa maraba. Wani kafinta ne ya ɗauke shi aiki, shi ya raba shi da su.

To a nan ƙorafina yake. Wata baiwar Allah, dattijuwa, ta ɗaga hannu ta ce ita an ƙona mata shagon ɗinki da kekuna huɗu a wannan rikicin, har yau ba wanda ya zo ya ce mata yi haƙuri balle a biya ta, ta ce "ku gaya mini, shi an koya masa sana'a, ni wa ya koya mini yadda zan sake tashi?" Mai gabatarwa ya ce Mama za mu zo kan wannan gobe in sha Allah. Ba a zo ba. Wannan ya yi mini ciwo, don irin ƙorafin da mutanen Borno ke yi ke nan kan tubabbun 'yan Boko Haram da ake horarwa a Malam Sidi ta jihar Gombe ƙarƙashin shirin gwamnati na Operation Safe Corridor, kuma tambaya ce ta gaskiya, in wanda aka cuta bai ga adalci ba unguwa ba za ta karɓi yaron ba ko ya shiryu.

Rana ta uku an yi ta ne a gurguje. Janareta ya lalace har azahar, aka karanto mana dokar gidajen gyaran hali ta 2019 wadda ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba da zaman sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, amma ba a nuna mana yadda ake zaman ba, wa ke fara magana, me za ka yi in wanda aka cuta ya ce ba zai zo ba. Takardun duk da Turanci ne alhali rabinmu da Hausa muke aiki, sai aka raba satifiket aka watse. In kai malami ne ko mai unguwa kana son fahimtar tushen abin, ka je, ba za ka yi da-na-sani ba, amma in kana da yaro a hannu kamar ni ka san da sauran aiki a gabanka.

Na kai yaron namu wajen wani mai walda a Kakuri, Kirista ne, na gaya masa komai ban ɓoye ba, ya yi shiru ya ce a kawo shi ya gani. Yau sati uku ke nan yana zuwa, sau ɗaya ya yi fashi. Mai shagon da aka ƙona kuma na je wajensa sau biyu, ya ce in ba shi lokaci, na kira lambar da cibiyar ta ba mu don in ji yadda zan ɓullo wa zaman nasu, har yanzu ina jiran su kira ni.