Tsinken gwajin fitar ƙwai: kaya mai kyau, bayani mai ɓatarwa

Irin mai arhar nan nake nufi, siririn tsinke a cikin 'yar leda, wanda ake sayarwa ɗai-ɗai ko a kwali a kemis-kemis na cikin gari. Ba mai batir ɗin nan da ke nuna hoto ba. Kuɗinsa kun sani, kuma ko na faɗa gobe ya canja. Na saya na yi amfani da shi, kuma maganar gaskiya da farko niyyata in ce kowa ta riƙe kuɗinta.

Abin da ya ɓata min rai bayanin da aka haɗo ni da shi ne. Yaron shagon ya miƙo min yana cewa, "Hajiya, kamar na gwajin ciki ne, kina ganin layi biyu shi ke nan." Wannan magana ba daidai ba ce, kuma na tabbata ba ni kaɗai ya faɗa wa ba. Tsinken ciki yana neman sinadarin da ba ya jikin mace sai in ciki ya shiga, shi ya sa ko layi dishi-dishi ya fito ana ɗaukarsa da muhimmanci. Shi kuwa wannan sinadarin LH yake aunawa, mai sa ƙwai ya fita in ya tashi, wanda kullum akwai ɗan kaɗan daga cikinsa a jikin mace. Don haka kusan duk ranar da kika tsoma za ki iya ganin layi na biyu mai haske. Wannan ba komai ba ne. Sai layin gwajin, wanda ke gefen da aka tsoma, ya yi duhu daidai da layin sama (mai nuna cewa tsinken yana aiki) ko ya fi shi, sannan ake cewa sinadarin ya tashi, kuma ƙwai zai fita nan da awa 24 zuwa 36.

Ku duba ɓarnar da wannan kalma ɗaya take yi. Mace ta tsoma a rana ta 9 daga fara al'adarta, ta ga layi biyu, ta sanar da maigida, a yi ƙoƙari kwana biyu, sannan kowa ya huta da tunanin an gama. Ƙwan kuma bai tashi fita ba sai rana ta 18. Al'ada ta zo a ƙarshen wata, a yi kuka, a ce akwai matsala, a koma sayen magungunan haihuwa na gora da na leda. Alhali lokaci kawai aka saɓa. Takardar da ke cikin kwalin ta faɗi gaskiyar, amma da Turanci ne, da rubutu ƙanana ƙwarai, hoton kuma baƙi da fari ne, ta yaya za a gane bambancin duhun layi a haka? In kuwa guda biyu ko uku kika saya, ko takardar ma ba za a ba ki ba. Mai sayar da abin da ya shafi haihuwa ya kamata ya san abin da yake sayarwa, ko ya yi shiru.

Da na ajiye bayanin shago na bi yadda ya kamata, tsinken ya yi aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Ga yadda ake yi. Fitsarin farko na asuba, wanda ya fi kyau ga gwajin ciki, a nan ba shi ake so ba, domin sinadarin yakan tashi da sassafe ne, sai bayan wasu awanni yake bayyana a fitsari. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 8 na dare ake yi, kuma a tsayar da lokaci ɗaya kullum. Bayan azahar ya fi sauƙi ga mai aikin gida. A rage shan ruwa awa biyu kafin nan. Wannan yana da wuya a zafin Kano, amma in kika sha leda uku ta fiya wata a jere fitsarin ya tsarke, layin zai fito da haske ko da ranar ce. A tara fitsarin a busasshen kofi mai tsabta, a tsoma tsinken 'yan daƙiƙu ba tare da ya wuce layin da aka rubuta MAX ba, a kwantar da shi a wuri busasshe, a duba bayan minti 5. Abin da ya fito bayan minti 10 ba a aiki da shi. Ki ɗauki hotonsa a waya a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, don in ya bushe launinsa yana canjawa.

Sai ranar fara gwaji, kuma a nan ne da yawanmu lissafi yake kwacewa. Mun saba ƙirga daga ranar wankan tsarki saboda sallah. A wannan lissafin, rana ta 1 ita ce ranar da jini ya zo sosai, ba ɗigo-ɗigon da ke riga shi ba. Daga nan zuwa jajibirin zuwan wani jinin shi ne tsawon zagayenki, kuma daga kwana 21 zuwa 35 duk ana ɗaukarsa lafiya. Ki cire 17 daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne ranar da za ki fara. Mai kwana 28 ta fara a rana ta 11, mai 32 a rana ta 15, mai 35 a rana ta 18. Wadda nata ke yawo ta ɗauki mafi gajarta a watanni shida da suka wuce.

Inda tsinken ya burge ni shi ne yadda ya ƙaryata manhajar waya mai lissafin al'ada. Yawancin manhajojin nan lissafi kawai suke yi, ba su san abin da ke faruwa a jiki ba, da yawa kuma rana ta 14 suke nuna wa wadda ba ta ba su bayanin watanni masu yawa ba. Ƙwai yana fita ne kusan kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. Mai zagayen kwana 35, nata yana wajen rana ta 21. Mai kwana 24, wajen rana ta 10. Ita wannan ta biyun, in jininta na kai mako guda, tana yin wanka ta riga ta shiga kwanakin ɗaukar ciki. Shi ya sa maganar iyayenmu cewa da an yi tsarki ake samun rabo take cika a kan wasu, wasu kuma su shekara suna bin ta babu labari.

Kwanakin ɗaukar cikin shida ne: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Maniyyi yana iya kai kwana biyar da rai a jikin mace in ya samu ruwan da ya dace, ƙwai kuwa awa 12 zuwa 24 kacal yake jira. Kwana biyun da ke gab da fitarsa su ne suka fi ƙarfi. To da layin ya yi duhu, ranar da washegari da jibi ake so. Ba sai maigida ya yi mako yana tanadi ba, saduwa kullum ko bayan kwana ɗaya ta isa. Jiki ma yana ba da tasa alamar: farin ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai, yana miƙewa tsakanin yatsu, ba wari ba ƙaiƙayi. Mata da yawa suna ganinsa su ce sanyi ne, su kama shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsarki da ruwan magani da matsi, a daidai lokacin da maniyyi ya fi buƙatar ruwan nan.

Akwai abin da takardar kwalin ba za ta taɓa faɗa ba, don ba da mu aka yi shawarar rubuta ta ba: rabon kwana. Mata biyu masu kwana bibbiyu ba su da damuwa sosai, a cikin kowane kwana shida dole girki ya zagayo. Amma gidan mata huɗu, kwana biyu naki, shida na wasu, kwanakin nan shida za su iya faɗawa gaba ɗaya a inda ba ke ce da turaka ba. Haka matar ɗan kasuwar da ke Legas ko Anaca rabin wata. Tsinken gargaɗin kwana ɗaya kawai yake bayarwa, bai isa a shirya komai ba. Amfaninsa a nan shi ne a yi wata biyu ko uku ana rubuta ranar da layin ke duhu, sannan a san lokacin da za a nemi musanyar kwana da yardar abokiyar zama, ko a tsara tafiyar maigida.

Duk da haka haushina bai wuce ba. A jikin ledar an rubuta kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30. Garin da a watan Afrilu ake haura 40, kaya na zaune a kwabar gilashi a shagon kwano babu fanka, me kuke tsammani? A cikin kwalina akwai waɗanda ko layin sama bai fito ba, wato sun lalace, asara. Ki duba ranar lalacewarsa, ki duba ledar ba ta huje ba, ki saya inda ake sanyaya shago. Sannan kwali mai guda biyar ko bakwai cuta ce ga wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, za su ƙare kafin a zo wurin. Gara a sayi mai yawa tun farko.

Akwai kuma waɗanda zan ce kada su dogara da shi sam. Mai PCOS, wato matsalar sinadaran jiki da ke rikita fitar ƙwai da al'ada, sinadarinta na LH yakan zauna a sama, sai ta yi ta ganin layi mai duhu kwanaki a jere ƙwai bai fita ba. Mai shan Clomid, maganin da ke sa ƙwai ya fita, ta jira kwana uku bayan ƙwaya ta ƙarshe kafin ta fara. Wadda ciki ya riga ya shiga ma tsinken na iya nuna mata duhu. Kuma ko a mai lafiya, tashin sinadarin yake nunawa, bai tabbatar da cewa ƙwan ya fita ba, bai kuma san ko bututun mahaifa a buɗe yake ba. Tabbaci sai gwajin jini na progesterone, sinadarin da ke ƙaruwa bayan ƙwai ya fita, kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran al'ada, ko sikanin bin girman ƙwai. Ko an dace da lokaci daidai, ma'aurata matasa masu lafiya damarsu a wata ɗaya ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba, don haka wata uku babu ciki ba abin tashin hankali ba ne. Amma shekara ɗaya ana ƙoƙari, ko wata shida ga wadda ta kai shekara 35, a ajiye tsinke a nufi sashen mata a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, a tafi da takardar da aka rubuta ranakun. A tafi da maigida ma, gwajin maniyyi ya fi nata gwaje-gwajen sauƙi da arha, kuma kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki.

Zan sake saya, amma babban kwali, kuma ba a wancan shagon ba.