Lebodofa ko motsa jiki: me kowanne ke yi wa sadarwar ƙwaƙwalwa a farkon cutar Fakinsan?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce likita ya tabbatar masa da cutar Fakinsan, mai kawo karkarwa da sanƙarewar jiki, ya rubuta masa maganin lebodofa, amma yana ɗari-ɗari da sha. Wai ya ji an ce magani rufa-rufa ne kawai, motsa jiki ne ke gyara sadarwar ƙwaƙwalwa, shi ne kike tambayar wanne ya fi. Akwai ƙamshin gaskiya a abin da ya ji. Amma in ya ajiye magani saboda wannan, kansa zai cuta.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi. Ƙwayoyinsa ne ke yin dofamin, sinadarin da ke taimaka wa sarrafa motsin jiki, su aika shi zuwa wani sashe da ake kira futamen. Kafin a ga alamar farko, da yawa daga ƙwayoyin nan sun riga sun mutu. Ɓarnar kuma ba ta tafiya bai ɗaya. Ɓangaren baya na futamen, mai kula da motsin da jiki ya saba yi ba sai an yi tunani ba, shi ke fara rasa dofamin, gabansa kuwa yakan daɗe da sauran ƙarfinsa. Shi ya sa za ki ga mai cutar yana tafiya hannu ɗaya ba ya lilo, rubutunsa na ƙanƙancewa kafin ya kai ƙarshen layi, sa maɓallin riga ya zama aiki. Masu bincike na auna sadarwar ne da na'urar MRI: mutum ya kwanta shiru na 'yan mintuna, a duba sassan da aikinsu ke tashi da sauka tare.

Lebodofa sauri gare shi. Yana shiga ƙwaƙwalwa ya rikiɗa ya zama dofamin, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya jiki ya fara saki. A marasa lafiyan da aka dasa wa siririyar wayar lantarki a ƙwaƙwalwa, an ga ƙwayoyin da ke sarrafa motsi suna bugawa tare fiye da kima, sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa, kamar taron da kowa ya kama amshi ɗaya har ba a jin mai ba da saƙo. Da maganin ya kama, wannan bugun sai ya lafa, kuma gwargwadon lafawarsa gwargwadon raguwar sanƙarewa da nauyin jiki. A hoton MRI ma, alaƙar futamen da sassan motsi takan matso kusa da ta mai lafiya. Wannan ya wuce rufa-rufa, sauyi ne na gaske a yadda sassan ke magana da juna. Sai dai ba ya zama. Rabin maganin na barin jini cikin kamar awa ɗaya da rabi. A farkon cuta ba a cika lura ba, don ƙwayoyin da suka rage suna adana dofamin suna saki a hankali.

To, yana tsayar da cutar? A'a. Yana hanzarta ta? Wannan tsoron ya daɗe. A binciken ELLDOPA na 2004, mai mutum 361, waɗanda suka sha maganin sun fi samun sauƙi, amma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna kamar sun fi yin asara, aka rasa yadda za a fassara. Binciken LEAP na ƙasar Holan a 2019 ya kwantar da ƙura. Mutum 445 ne, rabi suka fara sha nan take, rabi aka jinkirta musu mako 40. Da aka kai mako na 80 babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu. Masu jinkirin wahalar watanni kawai suka sha. Wani binciken na 2014 da ya kwatanta marasa lafiya a Gana, inda da yawa ba sa samun maganin da wuri, da takwarorinsu na Italiya, ya nuna fizge-fizgen jikin da ake tsoron maganin na jawowa ya fi danganta da daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a rana, ba da saurin farawa ba.

Motsa jiki kuwa ba ya nuna komai a awa ɗaya. A birnin Naimegen na Holan an raba mutum 130 masu cutar da ba ta yi nisa ba gida biyu. Wasu suna tuƙa keken motsa jiki a gida, minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, har zuciya ta buga sosai. Sauran miƙe gaɓoɓi kawai suke yi. Bayan wata shida, a ma'aunin motsi da aka yi lokacin da magani ya sake su, masu keke sun fi masu miƙa samun sauƙi da kusan maki huɗu. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu daga ciki, aka fitar da sakamakon a 2022: a masu keke, gaban futamen, wancan mai sauran ƙarfi, ya ƙara ƙulla alaƙa da sashen da ke kula da ji da motsi, kuma ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa ta yi ƙasa da ta masu miƙa. Ba a tayar da ƙwayar da ta mutu ba. Mai rai ce ta karɓi wani ɓangare na aikin. A Amurka ma, binciken SPARX na 2018 ya sa waɗanda ba su fara magani ba tafiya mai ƙarfi a kan injin gudu, kwana huɗu a mako, kuma alamominsu kusan ba su ƙaru ba cikin wata shida.

Wannan sakamakon yana faranta mini rai ƙwarai, amma dole in auna shi da adalci. Hujjar lebodofa ta taru tun 1967, lokacin da aka nuna amfaninsa a fili, a jikin mutane marasa adadi. Ta motsa jiki a kan sadarwar ƙwaƙwalwa daga mutane ƙalilan ta fito, na wata shida, kuma ba ta kai a ce yana rage gudun cutar ba tukuna. Ga kuma abin da masu yaɗa zancen ke tsallakewa: akasarin masu keken nan na Naimegen suna kan maganinsu suka yi tuƙin. Ƙafar da ta sanƙare ba za ta iya taka feda minti 45 ba.

Magani na da nasa gefen da ya kamata ku sa wa ido. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da kwaɗayi da jin daɗi bai cika lalacewa da wuri ba, don haka ƙarin dofamin na iya yi masa yawa. An fi ganin haka da magunguna masu kwaikwayon dofamin, irin su firamifezol da rofinirol. A wani bincike na 2010 mai mutum 3,090, kusan kashi 17 cikin ɗari na masu shan irinsu sun faɗa caca, sayayya ba kai, ci ba ƙoshi ko sha'awa mai wuce iyaka, a kan kashi 7 na waɗanda ba sa sha. In kika ga halin Baba ya sauya haka, ki sanar da likita, kada kunya ta hana.

Kada kuma ya yanke wa lebodofa hukunci da karkarwar hannu kaɗai. Karkarwa na bin wata hanyar dabam da ta haɗa da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, kuma a wasu mutane ba ta jin magani sosai ko da tafiya da rubutu sun gyaru. Shawarata ya fara sha yadda aka rubuta masa, kada ya tsayar kwatsam da kansa. A duba lafiyar zuciyarsa kafin ya shiga motsa jiki mai ƙarfi, ya riƙa yi a lokacin da maganin ya kama, kuma in yana tangaɗi, keken da aka kafe a wuri ɗaya ya fi masa aminci a kan gudu.