Plan ɗin bene a fili mai mita 10 a 20: ɗakuna sun zauna, matakala ta ɓata aikin

Fili ne mai mita 10 a 20 a unguwar Banifandu ta Yamai, ƙofarsa na kallon kudu, maƙwabta sun riga sun gine gabas da yamma. Abin da na nema wajen mai zanen shi ne R+1, ƙasa da hawa ɗaya, da rufin dal, wato na kankare, da za a iya kwana a kai lokacin bazara. Sunan buron ba zan faɗa ba, kuɗin kuwa duk wanda ya taɓa yin plan a Yamai ya san yadda ake ciki. Bayan mako uku aka kawo takardu da hoton gidan a kwamfuta, har da mota a garaji da itacen da babu shi a filin.

Rabon ɗakunan ƙasa ya yi, ba na musu. Salon baƙi maza yana da ƙofarsa daga waje da bayinsa, baƙo ba ya keta tsakar gida. Bayin sama an ɗora shi daidai kan na ƙasa, bututu ɗaya mai milimita 100 ya sauka kai tsaye zuwa fos, ramin da ruwan bayi ke taruwa, babu karkace-karkacen da ke toshewa. Zaman bayin bai fuskanci alƙibla ba, bai ba ta baya ba, ban ma roƙa ba ya yi. Matakala kuma ya sa ta a kusurwar arewa maso yamma, don ta tare wa ɗakunan kwana na sama ranar la'asar. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san darajar wannan.

To, a matakalar nan ne aka yi ɓarna. Daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama mita 3,20 ne: mita 3 na ɗaki, santimita 20 na dal, wato urdi (bulo mai rami da ake jerawa a rufi) 16 da kankare 4. Wurin da ya ware wa matakala mita 2 ne a 2,80. Idan ka cire santimita 90 na paliye, wurin da ake juyawa, saura 1,90. A nan ya cusa taki 16, takwas-takwas, kowanne tsayinsa santimita 20, wurin sa ƙafa 27. A takarda ba a ganin komai, layuka ne kawai a jere. Ranar da magini ya buga ma'aunin a bango da alli ya ce mini, "Alhaji, wannan tsani ne. Tsohuwa ba za ta hau shi sau biyu a yini ba."

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Tsayin taki sau biyu, a haɗa da wurin sa ƙafa, ya kamata ya faɗa tsakanin santimita 60 da 64. Na mai zanen ya ba da 67. Abin da ya dace da 3,20 shi ne taki 20 masu santimita 16, wurin sa ƙafa 30, jimla 62. Goma-goma ke nan: wurin sa ƙafa tara sau 30 ya ba da 2,70, ga paliye na 1,10, tsawon wurin ya zama 3,80. Mita ɗaya cur ya ci daga matakala don salon ciki ya fito babba a hoto. Da na koma masa sai ya ce ai magini zai daidaita a wurin aiki. Maganar nan ta fi kuskuren ɓata mini rai. Magini zai daidaita da me, bayan an zuba tushe, ginshiƙai sun tashi har kan linto, kankaren saman ƙofa da taga?

Allah ya sa ba a zuba dal ba. Aka tura matakalar mita ɗaya cikin tsakar gidan baya, aka haƙa tushe biyu sababbi, aka tada ginshiƙai biyu, kowanne da ƙarfe huɗu mai lamba 12 da zobban lamba 6 kowane santimita 15, kankare buhu 7 na siminti a mita kubik. Putur ɗin, kankaren kwance mai ɗaukar dal, da ya kamata ya bi kan tsohon bango sai aka mayar da shi kan sababbin ginshiƙan. Da an riga an zuba shi a inda yake a zane, zai gitta mita 1,20 kacal bisa matakalar, sai dai a fasa, alhali kan mai hawa yana buƙatar aƙalla mita 2 a sarari. Faɗin kuwa ya tafi ke nan, ginshiƙan gefe ba sa motsi. Kowane ɓangaren matakalar ya tsaya a santimita 95. Mutum na wucewa lafiya, amma babban kabad da katifa mai wuri uku ta balko za su hau, da igiya.

Da farko na ɗauka kuskure ɗaya ne a cikin aiki mai kyau. Da muka ɗora takardar sama kan ta ƙasa muka ɗaga su a rana, sai ga bangon da ya raba ɗakunan yara yana zaune a tsakiyar rufin salo, ba ginshiƙi ba putur a ƙarƙashinsa. Bangon birgi mai kaurin santimita 15 a kan urdi tsagewa yake kawowa, ko ba bana ba baɗi. A cikin takardun kuma babu zanen ƙarfe ko ɗaya, sai da aka sake biyan injiniya daban, shi ya ƙara putur a wurin. Shi ne kuma ya tambayi inda tankin ruwa zai zauna. Lita 1000 tan ɗaya ce, kan ginshiƙi ake ɗora ta, mai zanen kuwa ya ajiye ta tsakiyar dal don ta yi kyau daga titi.

Tagar ɗakin sama ta gabas ma matsala biyu ce. Tana leƙa tsakar gidan maƙwabci inda matansa ke girki, kuma daga gabas hadari ke bugowa da damina. An ɗaga ta zuwa mita 1,80 daga daɓe, an ƙanƙanta ta, an buɗe babba a arewa. Madafa kuwa irin ta Turawa ya zana, mita 2,50 a 3, ta gaz kaɗai. Inda za a aje turmi, a hura gawayi, a ɗaure ragon layya, babu a lissafinsa. Tsakar gidan baya mita 4 ce dama, matakala ta ci ɗaya a kusurwa, rumfar girki za ta ci sauran.

Idan rabon ɗakuna kake so da hoton da za ka nuna wa iyali, mai zanen nan ya iya, kuma takardunsa sun wuce wajen neman izinin gini ba a maido su ba. Ni dai tauraro biyu na ba shi cikin biyar. Kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa ya rubuta maka adadin taki da tsayin kowanne a kan zanen, ya kawo zanen yankan gidan a tsaye ta kan matakala, ka kai wa magininka ya buga a bango tun ba a sayo ƙarfe daga kasuwar Katako ba.