Fitilar saita taimin: ta ci kuɗinta, amma a fara duba alamar fuli

Yawancin makanikanmu a Kaduna da kunne suke saita taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta a injin mota. A sassauta distiributa, a juya ta har ƙarar injin ta yi daɗi, a ɗaure. Motar kai yara makaranta wannan ya ishe ta. Amma motar da za a take wa totur har ƙasa a tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 402, kunne ba zai iya mata ba. Shi ya sa na sayi fitilar saita taimin a Panteka, saboda tsohuwar Peugeot 504 da muke gyarawa, irin waɗanda aka harhaɗa a Kakuri.

Haɗa ta ba wuya: wayoyi biyu a kan batir, matsi ɗaya a wayar filogin silinda ta farko. Duk lokacin da filogin ya ba da wuta sai ta haska, ka ga alamar da ke jikin fuli, wato faifan da ke juyawa a gaban injin, ta tsaya cak alhali injin na aiki. Tawa tana da ɗan allo a baya mai nuna juyin injin. Kana danna maɓalli har alamar ta dawo kan sifili, sai ka karanta digiri nawa wuta ke tashi kafin fistin ya kai ƙololuwa.

A nan ta burge ni. Motar tsere ba a silo take rayuwa ba, don haka taimin na lokacin da juyin injin ya yi sama shi ne abin dubawa. Mun cire tiyon iskar distiributa muka toshe, muka ɗaga injin zuwa juyi 3,500 a minti, inda alamar ta daina matsawa. Daga digiri 30 muka fara, muna ƙara biyu-biyu, kowane ƙari sai an gwada a killataccen fili, an kwance filogi an duba. Da muka haura 34 sai ga ƙarar nan ƙwal-ƙwal, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ce ke huda fistin. Muka koma 32. Idan zafin Maris da Afrilu ya shigo, ko fetur ɗin bai kwanta mini a rai ba, zan ƙara rage biyu, don iska mai zafi tana saurin jawo wannan ƙarar.

Wani dattijon makaniki a garejin, Allah ya saka masa da alheri, ya hana a kunna fitilar sai da ya tabbatar da ƙololuwar fistin da kansa. Ya ɗaura ƙarfen tsayarwa a ramin filogi, ya juya injin da hannu gaba da baya, ya raba tsakanin wurare biyun da ya tsaya, ya ja sabon layi da farin fenti. Gaskiyarsa: fitila alama kawai take haskawa, in alamar ta goce duk lissafinka ya goce.

Fitilar tana da nakasu. Da tsakar rana haskenta ba ya ganuwa sai an shiga inuwa. Wayoyinta gajeru ne, dole ka riƙa kare su daga fanka da zafin salansa. Sannan masu akwatin wuta mai kyasta sau da yawa a ƙaramin juyi su sani, irin wannan fitila mai maɓalli takan ba da karatun ƙarya a ƙasa da juyi 3,000. Su gara su nemi fitila marar maɓalli, su zana digirorin a jikin fuli.