Kazar gidan gilashi da dambun Hajiya: abin da bakina ya shaida a Yamai

Manyan sunayen abincin Amurka ba su iso Yamai ba tukuna. KFC ta shiga Legas tun 2009, ta kai Akra da Abijan da Dakar, amma ba ta ƙetaro wajenmu ba. McDonald's kuwa duk Afirka ta Yamma ba ta da reshe ko ɗaya. Sai dai salon nasu ya riga su zuwa. Tun wajajen taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, lokacin da aka buɗe manyan otal irin su Radisson Blu aka kuma gyara tituna, gidajen abinci masu bangon gilashi suka yi ta ɓullowa a unguwar Plateau da kewaye. Wasu sun yi rassa: suna ɗaya, jerin abinci ɗaya, ma'aikata cikin riga iri ɗaya. Ɗaya daga cikinsu yarana suka maƙale wa, na daɗe ina kai su, kuma ina ganin na ci abincinsu isasshen da zan iya magana a kai.

Zan fara da haƙƙinsu, don suna da shi. Wurin tsaf yake. Akwai famfo da sabulu, ban-ɗakin ana wanke shi, teburin da aka tashi a kai nan take yaro zai zo ya goge. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, mutum ya shiga ɗaki mai sanyi ya zauna da iyalinsa ba ƙaramin abu ba ne. Maiɗakina ta fi kowa yaba wannan, domin wuraren da mace za ta zauna ta ci abinci a natse, ba mai kallonta, ba su da yawa a garin nan. Farashi a rubuce yake a bango, ba ciniki, ba a duba rigarka kafin a faɗa maka kuɗi. Abin da ka ci a wannan reshe shi za ka ci a wancan.

Matsalar tana cikin farantin. Soyayyar kazarsu daga waje gwanin kyau, ja-ja, ɓawon yana ƙaras-ƙaras. Da ka ɓare ta sai ka tarar da nama fari fat, lugub, yana sakin ruwa, kusa da ƙashi kuma akwai wani duhu-duhu irin na naman da ya daɗe cikin ƙanƙara. Gishiri da yajin duk a ɓawo suka tsaya, naman kansa salam. Wanda ya taso yana cin kazar gida ko zabo, wadda sai ka ja da haƙori, romonta kuma ya kama maka yatsu, zai gane abin da nake nufi tun lomar farko. Dankalin ma haka: kowane sili tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa, da zafinsa yana da daɗi, minti kaɗan in ya huce sai ya koma kamar soso.

Na tambayi yaron da ke kawo mana abinci, yaro mai ladabi ƙwarai, na ce, "Samari, dankalin nan a ina kuke sayensa?" Ya ce, "Baba, a leda yake zuwa, a yanke, a daskare. Mu zubawa kawai muke cikin mai." Abin ya tsaya mini a rai. Ga dankalin turawa na Bonkuku nan kusa, a yankin Filinge, ga na lambunan Agadas da ake saukewa buhu-buhu a kasuwa in lokacinsa ya yi. Ni ɗan Adar ne, na san yadda manoman albasar Galmi ke kwana a gona, kuma na san yadda kaya ke ruɓe wa manomi a hannu in ba mai saye. A ce gidan da ke sayar da soyayyen dankali dare da rana bai san hanyar Bonkuku ba, wannan da ciwo.

Kuma dogaro da kayan ƙanƙara yana da tsada a ƙasar da ba ta da teku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka ƙaƙaba takunkumi, iyakar Benin ta rufe, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A watannin nan na ga yadda gidan ya rikice: rabin abin da ke rubuce a bango babu, farashi ya hau, burodin hambaga ya ƙanƙance. Takunkumin an ɗage shi a Fabrairun 2024, amma farashin nasu bai sauko ba har yau.

A daidai wannan lokacin Hajiyar da nake cin abincin rana a wurinta, can bayan kasuwar Katako, ba ta fasa ɗora tukunya ko kwana ɗaya ba. Ta ƙara kuɗi kaɗan saboda shinkafa da mai sun yi tsada, ta kuma faɗa mana dalili baki da baki. Rumfar kwano ce da benci uku. Firji ba ta da shi, kuma shi ya sa nake yarda da abincinta: abin da ta sayo da asuba shi za ta dafa, in ya ƙare ya ƙare.

Dambunta nake so in tsaya a kai. Tana buɗe madambaci tururi ya tashi da ƙamshin zogale, ta ɗebo tsakin ya watse warwar, ba ya cuɗewa, ganyen kore shar bai dahu ya mutu ba. Sai ta yayyafa man gyaɗa da aka soya da albasa, ta barbaɗa garin ƙuli da yaji, ta yanka ɗanyar albasa da tumatir a kai da wuƙar da ta sha wasa har ta siririce. Ta san ba na son yaji da yawa, ta san abokin aikina yana da ciwon suga, shi sai ta rage masa tsaki ta ƙara masa ganye. In ta samu giwan ruwa daga masuntan bakin kogi, tun daga nesa za ta ce, "Malam, yau akwai naka, zauna." Kifin da aka kama da safe namansa fari ne mai ƙarfi, yana ɓarewa fala-fala, ba ya bukatar komai sai gishiri da lemon tsami. Ranar da na makara kuwa sai dai ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, tukunya ta ga ƙasa." Bayan azahar da kaɗan ba ka samun komai.

Ba zan rufe mata asiri a kan abin da ya shafi lafiyar mutane ba, ita da takwarorinta duka. Kwanon wanke hannu ɗaya ne, kowa ya tsoma, kafin rana ta take ruwan ya yi kauri. Ni da butata nake zuwa. Bokiti mai famfo da sabulu, irin waɗanda suka cika gari lokacin korona a 2020, ba zai karya jarin kowa ba, kuma na sha faɗa mata. Ƙudaje lokacin damina sai an yi ta kora. Man suyan kifi wani sa'in ya kan yi baƙi kafin a canza shi. Ranar da ba ta nan, 'yarta ta karɓi tukunya, gishiri ya kan zarce. Sannan benci ne a bakin hanya, ƙura da hayaƙin babura, maza zalla. Ba wurin da zan kawo iyali ba ne, ita ma ta sani.

Maganar kuɗi kuwa ba ta bukatar dogon bayani. Mu biyar a gidan gilashi, kaza da dankali da lemo, ba mu tashi ƙasa da jika ashirin, wato sefa 20,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne, ke nan zama ɗaya ya kusa cinye rabin watan lebura. A wurin Hajiya, da jika ɗaya na ci dambu da kifi na ƙoshi har dare. Kuma ina ganin inda kuɗin ke tafiya da idona: mai zogale da ke kawo mata ganye a buhu daga lambu, mai itace da amalankensa, 'yan mata biyu masu wanke-wanke, almajiran da ke jiran ƙanzo.

Duk da haka ban daina kai yara gidan gilashi ba, don suna jin daɗin wurin, uwarsu kuma tana samun hutu. Abin da na canza shi ne abin da muke saye. A jerin abincinsu gaba ɗaya, shawarmar naman sa ce ta fi komai, kuma da na bincika sai na ji naman daga mahautan gari ake kawo shi kullum, ba ya kwana a ƙanƙara. Tana da romo, albasar ciki ɗanya ce mai zaƙi, in ka ce a rage mayonez sai ɗanɗanon naman ya fito. Wanda zai je, ya nemi wannan, ya bar kazar. Ya kuma je babban reshensu da magariba, lokacin da ciniki ke gudu kuma ana soya komai sabo. Ƙananan rassan da ba su da jama'a su ne ke ajiye abinci ƙarƙashin fitila har ya bushe. Kazar gaske kuwa, masu gashi na bakin titi suna hura garwashi tun la'asar a kowace unguwa, daga Yantala har Talaje, kuma za ka zaɓi taka da hannunka kafin a ɗora ta a wuta.